Tashi daga gida a Zariya: Kanta ɗaya a rana ɗaya, ko jida kaɗan-kaɗan?

Duk wanda kuɗin hayarsa ya kusa ƙarewa, ko Allah ya hore masa ya gama nasa ginin, abin da ke fara hana shi barci shine yaya za a yi da kayan nan. A Zariya dai hanya biyu mutane suka fi bi, ko dai a ɗauko Kanta, wato babbar motar ɗaukar kaya, a loda komai da komai a rana ɗaya a wuce wurin, ko kuma a riƙa jida kaɗan-kaɗan, yau keke napep gobe a-kori-kura jibi yaro da baro, har gidan ya zama wayam. Maigida yawanci ya fi son ta farkon, don shi lissafinsa gado ne da kujeru da wadirof, ke kuwa uwargida da kika san abin da ke jibge a sito da kicin kin san ba nan gizo ke saƙar ba. Ni a ganina sito da kicin ne ya kamata su yanke hukuncin, saboda katako in ya bugu kafinta zai gyara, amma jarkar manja in ta kife a kan buhun garin tuwo da katifa babu mai gyara miki.

Kuɗi tukuna, tunda shi kowa ke fara tambaya. Kuɗin babbar mota a dunƙule yake, lokaci ɗaya za a ji shi a jiki, ga na direba ga na 'yan dako masu lodi ga na masu saukewa in ba su ne suka bi motar ba. Jida kaɗan-kaɗan kuwa kowane sawu kamar ba komai ba, sai an zauna an tara a ga ya kamo na Kantar ko ma ya wuce, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wani sawu mai araha kuma. Nisa ne ke raba gardama. In daga Tudun Wada ne zuwa Gyallesu, ko daga wannan layi zuwa wancan a cikin Samaru, jida ba zai ci kuɗi sosai ba, wasu kayan ma yaran gida ne zasu kai a ka. Amma in daga Samaru ne zuwa Ɗanmagaji ko Ƙofar Gayan, tafiyar da ta haura kilomita 10 ga cunkoson Kwangila a hanya, to sawu biyar shida na ƙaramar mota asara ce kawai. Kuma don Allah duk motar da za a ɗauka a kira direban ya zo ya ga kayan da idonsa kafin a yi ciniki, a faɗi sawu nawa ne, a faɗi wa zai biya 'yan dako, don cinikin waya shi ke kawo rigima a ƙofar gida, kaya na rabi a mota rabi a ƙasa a ce miki ai Hajiya kayan sun fi yadda aka faɗa sai an ƙara.

Sai hanya. Wanda ke cikin birni, irin su Kwarbai, Unguwar Juma, Limancin Kona, Kusfa, ya san akwai lungunan da Kanta ba ta shiga, a bakin titi za ta tsaya, dole dai sai an yi jigila da baro ko a ka daga zaure zuwa mota, kinga an biya kuɗin babbar mota kuma an biya na jida. Sababbin unguwannin da ake ta ginawa ta bayan Hanwa, Zango, Dogarawa, Bomo kuma matsalarsu daban ce, fili akwai amma yawancin layukan ba kwalta, da damina musamman watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi mota mai nauyi tana iya kafewa a laka da kayanki a kai, hadari kuma na haɗowa. A irin wannan lokacin ƙaramar mota ta fi, kuma kar a yarda motar da ba ta da tampol ta ɗauki ko buhu ɗaya. Da hunturu hanya ta bushe, mota kowace iri ce za ta shiga, ƙura ce kawai za a yi fama da ita, ita kuma rufi ne maganinta.

Yanzu sito, inda maganar take. Gidan da ke sayen abinci tiya-tiya ba shi da wata damuwa, sati biyu kafin tashi a daina sayen mai yawa, a cinye na ƙasa, ranar tashi bokiti biyu uku sun kwashe sauran. Amma gidan da ke ajiyar shekara, buhun masara mai kilo 100, gero, dawa, wake, shinkafa mai kilo 50, jarkar man gyaɗa da ta manja mai lita 25, wannan kam sito kaɗai ya isa ya cika a-kori-kura. In kin san da kaka ko bayan kaka kaɗan zaku tashi, to a dakata da sayen hatsin shekara, in ma maigida ya je kasuwar Giwa ya sayo a wuce da shi sabon gidan kai tsaye, ba sai an sauke nan an sake lodawa ba. In kuwa da damina ne, lokacin da hatsi ya yi tsada, ba shawara ba ce a sayar da na sito don gudun wahalar ɗauka, abin da za a sake saya da shi ya fi kuɗin dakon nesa ba kusa ba.

A nan ne jida kaɗan-kaɗan ya fi rana ɗaya sosai. Ranar Kanta gida cike yake da mutane, kowa na sauri, 'yan dako suna jan buhu a ƙasa, wannan ya ɗora tukunyar gas a kan buhun wake wancan ya jingina ƙarfen gado a jikin na gari, ke kuma kina ɗaki kina fama da yara ba ki san abin da ake yi a waje ba. Wanda ke ajiye wake a buhun PICS ya fi kowa sanin haɗarin wannan. Buhun nan hawa uku ne, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, daga jami'ar Purdue ta Amurka fasahar ta fito, kuma duk aikinsa shine hana iska shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu ba tare da an sa magani ba. To ƙusa ɗaya ko bakin ƙarfe ɗaya in ya huda ledar ciki shikenan ya koma buhu irin na kowa, kuma ba za ki gani ba sai bayan wata biyu kin buɗe kin tarar wake ya huje ya zama gari. In sawun hatsi daban aka yi, a shimfiɗa tsohuwar tabarma ko kwali a bayan motar, mutum biyu su kama buhu su ɗora, ba komai mai kaifi a kusa, kuma akwai mai tsayawa a kai.

Sannan inda za a sauke shi. Sabon gini bangonsa da daɓensa suna ɗaukar lokaci kafin su gama bushewa, gidan haya da ya daɗe a rufe ma yakan yi danshi. Kar a jibge buhu a kan siminti, a jera katako ko bulo a ɗora a kai, a bar tazara tsakaninsa da bango. Masara da gyaɗa in suka sha danshi suna yin funfuna, kuma wannan funfunar tana iya haifar da gubar da ake kira aflatoksin mai illa ga hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Wannan shirin na katako da share sito ba ya yiwuwa a ranar da Kanta ke tsaye a ƙofa direba na danna hon, sai dai in an je tun kafin ranar an yi.

Akwai kuma wani abu da nake so kowa ya ji da kyau. Masu sa ƙwayar Phostoxin a cikin hatsi, ita wannan ƙwayar da ta haɗu da danshin iska take fitar da iskar guba mai kisa, ba ƙwari kaɗai take kashewa ba har mutum. Daren farko a sabon gida abin da aka saba shine a tara komai a ɗaki ɗaya a shimfiɗa katifa a gefe a kwana da yara, ƙofa da taga a rufe saboda sauro. Wallahi kar a yi haka da buhun da aka sa wa magani. A kai shi ɗakin da ba a kwana, in babu to a bar shi a zaure ko wani wuri mai iska nesa da makwanci. Wanda ya kai hatsinsa tun kwanaki kafin tarewa ya kulle a sito ya huta da wannan fargabar gaba ɗaya.

Mai kuma, ko wace hanya aka bi ga yadda ake yi. A goge bakin jarkar tas, a ninka leda biyu a ɗora a kan bakin, a murɗa murfin a kanta har ya kama, sai a ƙara wata ledar a sama a ɗaure da roba, a ɗan karkata ta a gani ko tana tsiyaya. A tsaye za ta tafi, a kusurwar mota, an tokare ta da wani abu don kar ta yi rawa a kan ramuka. Da sanyi manja yana daskarewa sai ya zo da sauƙi, amma da zafin Maris da Afrilu ruwa yake tsululu, ko 'yar ƙofa ya samu sai ya fita. Zuma da man shanu da ke kwalba su kam a hannu ake riƙewa ko a sa a bokiti mai murfi a cusa tsumma a tsakani.

Kayan ƙamshi da na miya, kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, yaji, kanwa, citta, kanumfari, masoro, tsamiya, zoɓo, kowanne a ƙulle a ledarsa sannan a zuba su a bokitin roba mai murfi, daddawa a ba ta nata mazubin daban don warinta na kama komai. Garin tuwo da semo da sukari kuma kar su kusanci sabulu, omo, kalanzir ko turaren wuta, gari yana jan wari, sati guda ana cin tuwo mai ɗanɗanon sabulu ba daɗi. Albasa ba ta son leda, buhu mai huji ko kwando take so. Doya in ta bugu daga nan take fara ruɓewa, don haka ba a jefa ta kuma ba a ɗora mata nauyi.

Abin zuba kaya ma yana da nasa zaɓin, kuma ya danganta da hanyar da kika ɗauka. In Kanta ce kwali ya fi, saboda yana jeruwa wani kan wani, ana samunsa wurin masu shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ko ta Samaru, na taliya da na madara sun fi, na sabulu a bar shi wa takalma da littattafai. A buɗe kowanne a kakkaɓe, a duba lungunansa don kyankyaso na son yin ƙwai a ciki, a manne ƙasansa da salatif mai faɗi, a rubuta abin da ke ciki da maka a gefe ba a sama ba, tunda saman wani kwalin zai rufe shi. Jakar Gana-mas-go ta tufafi ce da labule da zannuwan gado, kar a sa mata abin fashewa, 'yan dako wurgi suke da ita don sun ɗauka kaya masu laushi ne. In jida ake yi kuwa ba sai an sayi komai da yawa ba, bokiti huɗu da baho biyu da manyan kuloli sun isa, a kai a juye a dawo da su a sake cikawa, wannan ma wani sauƙi ne da ba a cika lissafawa ba.

Tangaran da kofunan gilashi da kayan shogilas, waɗanda yawanci kayan aure ne iyaye suka sha wahala kafin su haɗa, ni ban yarda su hau babbar mota ba ko da kuwa rana ɗaya za a yi. A naɗe kowane faranti da ɗankwali ko tawul ko tsohuwar atamfa, a jera su a tsaye ta gefensu ba a kwance ba, don a kwance na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin duka, a cike duk wani gurbi da tsumma har in kin girgiza kwalin ba ki ji ƙara ba. Sai ki shiga keke ko motar gida da su a kan cinya. Randa da tulu da tukunyar ƙasa ma haka. Turmi, taɓarya, murhu, kurfoti, manyan tukwanen biki, durom, su kam ko ina aka jefa su lafiya lau.

Inda Kanta ta yi wa jida fintinkau shine kayan nauyi. Gado, wadirof, kujeru, firji, firiza, tankin ruwa, waɗannan a a-kori-kura sai a yi ta sawu, ana ɗaure su da igiya suna leƙe ta baya suna gogar juna. Kafinta ya zo ranar jajibiri ya kwance, notinan kowane gado a ƙulle a leda a manne a jikin katakonsa, ya kuma yi alƙawarin zuwa can ya haɗa a ranar, in ba haka ba sai a yi sati ana kwana a ƙasa. Firji a kashe shi kwana ɗaya kafin nan ƙanƙarar ta narke a tsane ruwan, a ɗauke shi a tsaye, in an sauke a bar shi wasu awanni kafin a jona, in kuwa dole ta sa an kwantar da shi to ya yini ya kwana a tsaye tukuna, saboda man injin ya koma mazauninsa. Naman da ke firiza a soya shi, markaɗen kayan miya a dafa ya ƙafe. Tukunyar gas, ko ƙarama mai kilo 6 ko babba mai 12.5, a rufe ta a cire mata kan tiyo, a tsaye za ta tafi kuma ba a cikin rufaffen but a rana ba. Janareto a juye fetur ɗinsa, kuma kar a haɗa shi gefe ɗaya da gas ko da abinci. Masu sola su kira wanda ya haɗa musu ya kwance, batir ba abin da za a bar wa ɗan dako ba ne.

To kar kuma a ce jida ba shi da aibu, yana da shi babba. Na farko sai kina da makullin sabon gidan a hannu alhali na tsohon bai ƙare ba, kuma ba kowane mai gida ko ejan ne zai ba ki waɗannan kwanakin ba, wani ma ranar da kuɗi ya ƙare sabon ɗan haya na tsaye da nasa kayan. Na biyu tsaro, gidan da ba kowa a ciki amma an ga ana shigar da buhuna kullum, in ƙofar ba ta ƙarfe ba ce ko ba wanda zai riƙa kwana to an yi talla ne kawai. A canza kwaɗo tun ranar farko, ba ki san mutum nawa ke da tsohon makullin ba. Na uku gajiyar zama tsakanin gida biyu, kin ɗora ruwan tuwo a nan muciya da rariya suna can, yaro zai tafi makaranta takalminsa ɗaya ya riga ya tare. In abin ya wuce sati ɗaya sai ya gundiri kowa, maigida ya fara faɗa, ke ma ranki ya ɓaci.

Maganar idon jama'a kuma kowa da yadda yake ji. Wasu ba sa son a baje kayansu a titi da rana tsaka unguwa na ƙirga musu buhu da katifa, shi ya sa ake lodi bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Na asuba ya fi min, hanya ba cunkoso, ga rana gaba ɗaya a gaba don jere, 'yan uwa mata masu zuwa taimako su samu su koma gida da wuri. Lodin dare duhu ne, abu na faɗuwa ba a gani, kuma 'yan sintiri na iya tare motar kaya da dare su yi tambaya, aikinsu ne, don haka in dole sai daren a sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da rana. Ranar Juma'a kuma a gama kafin lokacin masallaci ko a bari sai an sauko.

Wani amfanin jida da ya sa nake ƙaunarsa shine yana ba ki damar tace kaya. Kuɗin cizo a ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado yake ɓuya, kyankyaso a bayan firji da ƙasan sif ɗin kicin, in aka yi lodin gaggawa duk da su za a tare. Kafin a kai komai a shanya katifa a rana, a duba ɗinkin da kyau, a zuba wa mahaɗar gado tafasasshen ruwa, shi kuma sabon gidan a yi masa feshi tun yana wayam a bar tagogi a buɗe ya sha iska kafin abinci ya shiga. Fasassun robobi, tsohon risho da ba ya aiki, gwangwanayen da aka ajiye za a yi amfani da su wata rana, a ba masu gwangwan. Ragowar gawayi da itace da 'yan tiyoyin hatsin da suka rage a gindin buhu a raba wa maƙwabta lokacin da aka shiga sallama da neman yafiya.

Abin da zan ba 'yar uwata shawara shine, in sabon gidan cikin Zariya ne, makulli na hannu, ƙofa mai kyau ce, to a raba aikin uku. Kwana uku huɗu kafin tarewa a yi sawun hatsi da mai shi kaɗai da a-kori-kura, washegari ke da ƙannenki ku kai kayan fashewa, sannan ranar ƙarshe Kanta ta zo ta ɗauki katako da ƙarfe sawu ɗaya, wataƙila ma ƙaramar mota ta isa tunda kaya sun ragu. In kuwa garin za a bari, Kaduna ko Kano ko Funtuwa, ko mai gida bai ba da ko kwana ɗaya ba, to rana ɗaya ce ba makawa, sai dai shirin ya fara tun sati biyu kafin nan, kuma a gaya wa masu lodi tsari: katako da firji su fara shiga can ciki, hatsi a gefe guda a kan shimfiɗa, mai da gas daga baya kusa da ƙofa inda ido zai riƙa kai musu, a samu namiji ɗaya na gida ya tsaya a bakin motar har a ɗaure tampol.

Ko wacce aka zaɓa, a ware bokiti ɗaya da ba zai hau motar kaya ba: ƙaramar tukunya, wuƙa, ludayi, ashana, gishiri, magi, ɗan mai, taliya ko shinkafar kwana biyu, kayan shayi, kofuna, buta, tocila, gidan sauro, maganin duk wanda ke shan magani, da cajar waya. Takardun makaranta da na fili da gwal suna jakar hannunki. A kai ruwa ko jarka biyu ne tun kafin a isa, don ba ki san halin rijiyar can ko ranar da famfo ke zuwa ba. Sannan mitar wuta, katin da kika loda a tsohon gida ba ya bin ki, a mitar yake zama, don haka a watan ƙarshe a riƙa sayen kaɗan-kaɗan, a sabon gidan kuma maigida ya ɗauki lambar mitar ya je ofishin Kaduna Electric ya bincika ko akwai bashin wanda ya tashi a kanta tun kafin a biya kuɗin haya.